Sharhi: Motar da Ke Makyarkyata da Asuba, da Asuba Ake Duba Ta

Gaisuwa ta musamman ga direbobi da yaran mota da 'yan gareji, da duk magidancin da tukunyar gidansa ba ta hawa murhu sai taya ta juya.

Hunturu ya kankama. Jaura na kaɗawa, hazo ya lulluɓe gari, kowa ya nemo rigar sanyinsa daga ƙasan akwati. A irin wannan lokaci akwai wani kuka da ake ji a kusan kowace unguwa da zarar an idar da sallar asuba, wato kukan a-kori-kurar da aka tayar tana makyarkyata. Ta yi gur-gur-gur, jikinta duka na rawa, ta mutu. A sake murza makulli ta tashi, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ta sake mutuwa. Bayan minti goma ko sha biyar sai ta daidaita, ta wuni tana aiki kamar ba ita ba. Kan wannan ciwo sharhinmu na yau zai tsaya, domin yana cin kuɗin talaka fiye da yadda ya kamata, kuma yawancin asarar daga rashin duba shi a lokacinsa take fitowa.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ina da maƙwabci mai tsohuwar a-kori-kura, yana ɗauko tumatir daga lambunan Kadawa zuwa kasuwa. Kun san tumatir ba ya jiran kowa. Kwandon da ya isa kasuwa da sassafe da wanda ya isa rana ta take, ba kuɗinsu ɗaya ba. A hunturun bara motar nan ta sa shi gaba. Kullum sai yaronsa ya zauna a ciki ya danne totur, hayaƙi ya cika layi, kafin ta yarda ta tsaya da ƙafarta. Ya kai ta gareji da hantsi, bayan ya sauke kaya. Makanike ya tayar, ya saurara, ya ce, "Maigida, ai motarka lafiyarta ƙalau." Don kada ya koma hannu rabbana, aka canja fulogi. Washegari ciwo na nan. Aka canja famfon mai. Ciwo na nan. A karo na uku aka murɗa masa silo sama, motar ta daina mutuwa amma ta koma shan mai kamar rairayi.

Daga ƙarshe aka kwatanta masa wani dattijon makanike. Dattijon bai ko ɗaga bonet ba. Ya ce, "Ɗana, bar min ita ta kwana a nan. Gobe bayan sallar asuba ka zo, kuma ka ja wa yaronka kunne kada ya taɓa makulli." Na raka shi da safen. Dattijon ya ɗora tafin hannunsa kan injin ya tabbatar ya yi sanyi ƙalau, sannan ya ce a tayar. Ya ɗauki guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, yana bin sassan injin da ɗaya bakin, kamar likita da abin awon ƙirji. Can sai ya tsaya. Ya ɗauko gorar ruwa mai hudajjen murfi ya fesa a wurin, nan take kukan injin ya canja. Ya sa yatsa ya lanƙwasa wata 'yar robar iska da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, sai ga tsaga ta buɗe baki. Maƙwabcina ya ce, "Baba, wannan ce duk ta wahalar da ni?" Ya ce, "Ita ce. Da rana zafi kan sa ta yi laushi ta haɗe bakinta. Da asuba take faɗin gaskiya."

Masu sauraro, wannan maganar ita ce zuciyar sharhinmu. Ciwon da ke zuwa da asuba, da asuba ake nemansa. Wanda ya kai mota gareji bayan ta ɗauki zafi, tamkar ya kai yaro asibiti ne bayan zazzaɓi ya sauka, kuma ya kasa faɗin yadda aka kwana.

To me ya sa sanyi ke tona asirin inji? Injin fetur, idan ya ɗauki zafinsa, yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Amma fetur ba ya kamawa da kyau yana ruwa-ruwa, sai ya zama tururi. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi, wani kaso na man da aka fesa kan lafe a jikin bututu kamar raɓa a kan kwanon rufi, bai isa inda wuta take ba. Saboda haka injin mai sanyi yana buƙatar abu uku fiye da kullum: ƙarin mai, ƙarin iska don silo ya ɗaga, da tartsatsin wuta mai ƙarfi. Ga shi kuma baƙin mai ya yi kauri, komai na juyawa da nauyi. Duk wani ɗan rauni da zafi ke rufa wa asiri, a wannan minti biyar na farko yake bayyana. Lafiyayyen inji yakan tashi allurarsa na wajen juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti, ya riƙa sauka a hankali har ya zauna wajen 700 ko 800. Wanda ya tashi a ƙasa yana tangaɗi, ɗaya daga cikin abubuwan nan uku ne bai same shi ba.

A hanyoyinmu a-kori-kura mai fetur iri biyu ce. Akwai masu kafireto, irin su Peugeot 404 da 504 da muke kira Fijo, waɗanda suka cika ƙasar nan tun bayan da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, da tsofaffin Toyota Hilux masu injin 22R. A irin waɗannan, cok ne ke rage iska don mai ya yi yawa a lokacin sanyi. Idan wayarsa ta tsinke, ko marfinsa ya maƙale a buɗe, ko an taɓa cire shi gaba ɗaya, motar ba za ta riƙe silo ba sai ta ɗumama. Idan kuwa ya maƙale a rufe, za ta yi ta baƙin hayaƙi tana jiƙa fulogi. Sai kuma masu nozul, waɗanda ƙwaƙwalwar mota, da 'yan gareji ke kira biren-bos, ke auna musu mai. Su ba su da cok, ƙwaƙwalwar ce ke yin aikinsa, kuma ita ba ta gani ba ta ji, abin da sansa-sansa suka faɗa mata da shi take aiki.

Kafin a ɗauki sifana, a fara da kunne da ido da hanci. Direba ya lura: da murza makulli take rawa, ko sai bayan minti ɗaya? Idan an ɗan taka totur tana daidaita? Rawar a jere take kamar gurguwar tafiya, ko allura ce ke hawa tana sauka? Sannan a zagaya baya a kalli salansa. Ɗan farin tururi da ke ɓacewa nan da nan, wannan raɓa ce, ba komai. Baƙin hayaƙi mai warin fetur, mai ya yi yawa. Shuɗi a tashin farko, baƙin mai ne ya zurara cikin silinda da dare, galibi ta robobin bawul da suka bushe. Fari mai kauri da ba ya yankewa, mai ɗan zaƙi-zaƙi a hanci, ga kuma ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan a ji tsoron gasket. Direban da ya je gareji da waɗannan amsoshi ya rage wa makanike rabin aiki, ya kuma rage wa aljihunsa rabin asara.

Daga nan sai a bi hanyar iska, domin hunturu da ƙura tare suke zuwa. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta ya fi na garin tuwo, kuma babu inda ba ta shiga. A ciro matatar iska a ɗaga ta a hasken fitila. Idan haske bai ratsa ba, iska ma da ƙyar take ratsawa. A duba maƙogwaron totur. Ƙura da tururin baƙin mai sukan haɗu su yi baƙin danƙo a gefen marfinsa, su toshe 'yar hanyar da iskar silo ke bi. A motoci da yawa akwai wani ɗan bawul a wurin, aikinsa kawai ya buɗe ƙarin iska idan inji na da sanyi. In danƙo ya riƙe shi, mota za ta tashi ta mutu, amma da an ɗan taka totur sai ta tsaya. Sau da yawa wanki ne maganinsa, ba saye ba. Haka sansar awon iska da ke bayan matata: siririyar waya ce a cikinta, a wanke ta da maganin da aka yi dominta, kada a sa mata tsinke ko tsumma.

Sai ɓarauniyar iska, irin wadda ta wahalar da maƙwabcina. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk iskar da ta shiga inji ta tsagaggiyar roba ko ta gasket ɗin bututun iska, ƙwaƙwalwa ba ta ƙirga da ita ba, don haka ba ta ba ta rabonta na mai ba. Sanyi na sa roba ta ƙandare, ƙarfe ya tsuke, tsaga ta buɗe. Zafi na zuwa komai ya kumbura ya rufe. Da kunne ake kama ta, da kuma fesa ruwa. Ina roƙon 'yan gareji da su daina fesa fetur a jikin injin da ke aiki don neman tsaga. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye motar da mai gyaranta.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, wato sansar zafin ruwa. 'Yar ƙarama ce, tana soke a jikin inji kusa da inda ruwa ke fita zuwa lagireto, kuma ita ce ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa gari da sanyi, a ƙara mai. Idan ta tsufa takan yi ƙarya. Gari na digiri 14, ita ta ce inji na digiri 60, sai ƙwaƙwalwa ta ba da man da ya dace da inji mai zafi, mota ta shaƙe ta mutu. Gwajinta ba wuya. A motocin Toyota da yawa, idan aka sa mata mita, takan nuna tsakanin om 2,000 da 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Mai na'urar kwamfuta kuwa ya jona ta kafin a tayar da motar da ta kwana: zafin ruwa da zafin iska su zo kusan ɗaya. In sun yi hannun riga, an kama mai laifi. A kuma sani cewa a tsofaffin motoci da dama, sansar da ke motsa allurar gaban direba daban take da wadda ke magana da ƙwaƙwalwa, saboda haka allura na iya nuna daidai alhali ƙwaƙwalwa na cikin duhu.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu: da mota ta shigo hannu, sai a cire mata tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Tamostat ƙofa ce. Tana tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 a injuna da yawa, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. In an cire ta, ruwa zai yi ta zagaye tun daga tashin farko, fanka na hura shi, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba. A safiyar Jos, garin da ke sama da mita 1,200 daga teku, irin wannan mota na iya yin tafiya mai nisa allurarta na kwance. Duk tsawon lokacin ƙwaƙwalwa na ta ƙara mai, fulogi na yin baƙi, rarar fetur na wanke baƙin mai daga bangon silinda, zobba na ci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane direba ya san zafin lita ɗaya a aljihunsa. Idan mota na zafi, a nemi dalili: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin ya saki, ko fanka ba ta tashi. Cire lafiyayyar tamostat barin jaki ne ana dukan taiki. Haka ma murɗa silo sama don mota ta daina mutuwa; an rufe bakin mara lafiya ne kawai, ciwon na nan yana ci.

Sai wuta. A nan ma asuba na da amfani, domin duhunta kan nuna abin da rana ke ɓoyewa. A ɗaga bonet mota na aiki, a kashe fitila. Idan aka ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga wayoyin fulogi ko jikin kwayil, wuta na zuba a hanya. A kwance fulogi a jera su bisa tsarin silinda, a karanta su kamar wasiƙa. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya lau. Mai baƙin toka, mai ya yi yawa. Mai maiƙo, baƙin mai na hawa. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa na da datti, ruwa ne ke shiga wannan silinda. Batir ma a auna shi: wanda ya cika yakan nuna bolt 12.6 mota na kashe, in tana aiki kuma a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Farin garin da ke taruwa a kan batir a kankare shi, a ɗaure wayar da ke kama jikin mota tamau.

A ɓangaren mai, a tsiyayo kaɗan cikin farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo Nijeriya ya kwantar da motoci. Wanda tilas ta sa shi sayen mai a galan a bakin hanya, ya tace kafin ya zuba. A canja matatar mai a kan lokaci, kuma kada a yanke wa famfo hukunci sai an sa agogon awo an ga ƙarfin turawarsa. Masu injin gas kuwa, su fara da hita. Ɗaya ta mutu cikin huɗu, mota za ta tashi tana ɗingishi da farin hayaƙi har silindar ta ɗumama. Su duba kuma ko iska na shiga bututun mai da dare, su zubar da ruwan da ke taruwa a gindin matata.

Idan duk an bi waɗannan ba a samu ba, sai a shiga ciki: a auna matsin kowace silinda, a duba saitin bawul. Amma wannan shi ne na ƙarshe. Daga mai araha ake farawa zuwa mai tsada, daga waje zuwa ciki.

Kalma ɗaya game da na'urar kwamfuta. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma yau yawancin motoci na da ita. Lamba P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda daban-daban, P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0505 matsalar silo, P0128 kuma inji ba ya kaiwa zafinsa. Lambar unguwa take nunawa, makanike ne zai nemo gidan. Misali, P0171 kan sa a ruga a sayi sansar salansa, alhali ita gaskiya ta faɗa, tsagaggiyar roba ce ta jawo. Hasali ma a daƙiƙun farko na tashin sanyi ƙwaƙwalwa ba ta sauraron wannan sansa sai ta ɗumama. Fitilar inji da ke kamawa a gaban direba kuma ba ta liƙewa da salatif ba ce. In tana ƙyaftawa, a nemi wuri a tsaya.

Wani zai ce, tunda tana warwarewa da kanta, ina ruwana? Ka tuna mota ba a ƙofar gida kaɗai take mutuwa ba. Tana iya mutuwa a shataletale, ko a gangara, da kwanduna har sama da yaron mota a kai. Inji na mutuwa sitiyari zai yi nauyi, birki ya ba ka taku ɗaya ko biyu sannan ya ƙandare kamar dutse. Ga 'yan makaranta na tsallaka titi cikin hazo. Wannan ya wuce maganar kuɗin fulogi, maganar rai ce. Kada kuma a ɗumama mota a rufaffen shago ko zaure saboda sanyi. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, tana kashewa cikin barci. Kuma kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Ga direbobi, kirana shi ne: ku daina zabga wa inji totur da tashinsa, baƙin mai bai gama hawa sama ba. Mai nozul minti ɗaya ko biyu ya ishe ta, sai a ja a hankali. Mai kafireto a ƙara mata kaɗan. Ku zuba baƙin man da littafin motar ya ce. Ga makanikai kuma, sana'arku amana ce. Mutumin da ya miƙo muku makulli, jarinsa da abincin 'ya'yansa ya miƙo. Faɗin "bar ta ta kwana in gani da safe" ba gazawa ba ce, alamar gwaninta ce. Ku koya wa yaranku awo kafin kwancewa, domin yaron da ya tashi da canke, da canke zai yi ta cin kuɗin mutane har ya tsufa.

Maƙwabcina har yau yana ajiye da guntuwar robar nan a aljihun motarsa. Duk direban da ya kawo masa kukan mota da sanyin safiya, sai ya ciro ta ya lanƙwasa ya nuna masa tsagar, ya ce ya je ya bar ta ta kwana a gareji.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema, Ya kai kowa gida lafiya.